Kundin Aikin Manhajar Gano Musabbabin Lalacewar Wutar Sola

11 ga Nuwamba, 2024

Manufar wannan aiki ita ce gina ƙaramar manhaja wadda za a gaya mata alamomin da aka gani a na'urar wutar sola ta gida ko ta shago, ita kuma ta kawo abubuwan da za su iya zama musabbabin matsalar, tare da gwajin da ya kamata mai gyara ya yi domin ya rarrabe tsakaninsu. Na taƙaita aikin a kan haɗin da aka fi samu, wato fanel a kan rufi, da kwantirola mai daidaita caji, da batir mai ruwa na bolt 12, da inbata mai mayar da wutar batir irin wadda kayan gida suke amfani da ita, sai wayoyi da fis ɗin da ke tsakaninsu. Harshen rubuta manhaja da na zaɓa shi ne Prolog, wanda Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙirƙiro a birnin Marseille na Faransa a 1972, suna musayar tunani da Robert Kowalski wanda a lokacin yake Edinburgh. Ina amfani da nau'insa mai suna SWI-Prolog, saboda kyauta ne kuma ba ya buƙatar babbar kwamfuta.

Sai dai irin tunanin da aikin yake buƙata ba shi ne wanda Prolog ya saba yi ba. Prolog yana tashi daga ƙa'ida da sanannen al'amari ya fitar da sakamako, mai gyara kuwa sakamakon yake tararwa a gabansa, sai ya koma da baya yana laluben abin da ya haifar da shi. Masanin falsafar nan na Amurka, Charles Sanders Peirce, ya bambance waɗannan hanyoyi a 1878 da misalin buhun wake. Idan aka san duk waken da ke cikin buhu fari ne, aka kuma san wannan tsabar daga buhun aka ɗebo ta, to tabbas fara ce. Idan aka yi ta ɗiba daga buhun ana samun fari, ana iya gina ƙa'ida cewa duk waken buhun fari ne. Hanya ta uku ita ce a ga farin wake a zube a ƙasa, a tuna cewa na buhun nan duk fari ne, sai a yi zaton daga buhun ya zubo. Wannan ta ukun ce daga baya ya kira abdakshan, a wannan kundi kuwa zan riƙa ce mata hasashen musabbabi. A laccocin da ya gabatar a Harvard a 1903 ya tsara ta a taƙaice: an ga wani abu mai ban mamaki, da a ce wani al'amari gaskiya ne da abin bai zama na mamaki ba, saboda haka akwai dalilin zargin cewa al'amarin gaskiya ne.

A ma'aunin ilimin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, wannan mataki ba hujja ce yankakkiya ba, domin waken yana iya fitowa daga wani buhun daban. Abin da yake samarwa zargi ne, kuma da wannan fahimtar nake son a gina manhajar tun daga tushe: ba za ta ce ga abin da ya lalace ba, za ta ce ga waɗanda ake zargi, ga kuma inda za a ɗora mita.

19 ga Nuwamba, 2024

Tsarin da nake bi shi ne wanda Antonis Kakas da Robert Kowalski da Francesca Toni suka tattara a nazarinsu na farkon shekarun 1990. A wannan tsari, ilimin manhaja kashi uku ne. Na farko ƙa'idoji ne da ke bayyana yadda wani abu yake haifar da wani. Na biyu jerin abubuwan da aka yarje wa manhaja ta yi zatonsu ba tare da hujja ba, waɗanda babu wata ƙa'ida da take tabbatar da su. Na uku sharuɗɗan hani ne, waɗanda ke faɗin abubuwan da ba za su taɓa haɗuwa ba. Bayani karɓaɓɓe shi ne duk wani rukunin zato da idan aka haɗa shi da ƙa'idojin, alamomin da aka gani za su fito daga gare su, kuma babu sharaɗin da aka karya.

Na shafe makon nan ina zama da wani dattijon mai gyaran sola, wanda ya fara sana'arsa da gyaran batirin mota, muna mayar da abin da ke kansa zuwa ƙa'idoji. Ga kaɗan daga cikinsu kamar yadda suke a rubuce:

inbata_ta_yanke :- bolt_ya_fadi.
bolt_ya_fadi :- caji_bai_isa_ba.
bolt_ya_fadi :- batir_ya_tsufa.
bolt_ya_fadi :- kan_batir_ya_saki, lodi_mai_nauyi.
caji_bai_isa_ba :- kura_a_fanel.
caji_bai_isa_ba :- fis_ya_kone.

Kowane layi ana karanta shi daga dama zuwa hagu: idan na dama ya tabbata, na hagu ya tabbata. Ƙura a fanel, da tsufan batir, da sakin kan batir, da ƙonewar fis, su ne ke cikin jerin waɗanda ake zargi. Sharaɗin hani na farko da muka rubuta shi ne cewa ba zai yiwu fis ɗin da ke tsakanin kwantirola da batir ya ƙone ba, alhali mita tana nuna wuta na shiga batir. Na rubuta sharuɗɗan da CHR, wani tsarin rubuta sharuɗɗa na Thom Frühwirth, wanda yake zuwa a cikin SWI-Prolog, bisa hanyar da Henning Christiansen da Veronica Dahl suka nuna, inda kowane zato yake zama ajiyayyen abu da manhaja ke riƙewa har sai wani sharaɗi ya rushe shi.

Adadin da muka dogara da su sanannu ne. Batir mai ruwa na bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, don haka cikakken batir da ya huta yana nuna wajen 12.6 zuwa 12.7. Idan ya huta ya tsaya a wajen 10.5, mafi rinjayen zato ɗaki ɗaya ya mutu. Inbata da yawa suna yanke wuta idan abin da ke iso musu ya sauka zuwa wajen 10.5. Abin da ya fi ɗaukar lokaci ba waɗannan lambobi ba ne, tantance abin da zai shiga jerin zargi ne. Na kawo shawarar a sa “caji bai isa ba” a jerin, sai dattijon ya ce: “Malam, ai wannan ba amsa ba ce. Mai gida ya san caji bai isa ba, shi ya sa ya kira mu.” Maganarsa ta zama ma'aunin da muka bi: abin da zai shiga jerin zargi sai wanda hannu zai iya gyarawa ko ya canza.

2 ga Disamba, 2024

Matsala ta farko mai nauyi ta fito daga kalmar “ba”. Prolog yana ɗaukar abu a matsayin ƙarya idan ya nemi hujjarsa ya rasa, hanyar da Keith Clark ya ba ta ma'ana ta manɗiƙi a 1978. Wannan yana aiki lafiya idan duk abin da yake gaskiya an riga an rubuta shi. A hasashen musabbabi kuwa, rashin hujja a yanzu ba ya nufin komai, domin manhajar tana iya yin zaton abin nan da layi biyu masu zuwa.

Ga yadda abin ya bayyana. Akwai ƙa'idar da ta ce wuta tana isa kwantirola idan rana ta fito kuma wayar fanel ba ta yanke ba. Manhajar ta zo wannan layi tun ba ta zargi wayar ba, ta nemi hujjar yankewa ta rasa, sai ta wuce a kan cewa wayar lafiya take. Can gaba, tana neman bayanin wata alamar, sai ta yi zaton wayar ta yanke. Bayanin da ta fitar ya dogara da lafiyar wayar da yankewarta a lokaci guda, kuma da aka sauya jerin ƙa'idojin sai amsar ta sauya, abin da bai kamata ya faru ba a manhajar da ke iƙirarin bin manɗiƙi.

Maganin yana cikin aikin Kave Eshghi da Kowalski na 1989, inda suka nuna cewa korewa, wato faɗin cewa abu bai faru ba, ita kanta ana iya ɗaukarta a matsayin zato. Idan manhaja ta ce waya ba ta yanke ba, to ta ɗauki alkawari ne, dole ta rubuta shi a cikin rukunin zatonta, kuma sharaɗi ya hana abu da korewarsa zama tare. Na sake gina wannan ɓangare a kan haka. Amfanin da ban zata ba shi ne bayanin da ke fitowa yanzu fuska biyu gare shi: ga abin da manhajar take zargi, ga kuma abin da ta ɗauka lafiya yake ba tare da an auna ba. Mai gyara ya fi amfana da fuska ta biyun, domin a nan yake ganin inda aka yi gaggawa.

10 ga Disamba, 2024

An gwada manhajar a kan matsala ta zahiri. Wani shagon kayan sanyi ne, inbatarsa tana yin ƙara ta yanke duk lokacin da injin firiza ya tashi da dare, amma fitilu da fanka suna ci ba tare da matsala ba. Batirin da ya huta ya nuna 12.5, kwantirola kuma ta nuna caji ya cika da rana. Waɗannan alamomi biyu sun kore ƙura da fis da mutuwar ɗaki. Abin da ya rage bayani uku ne, kowanne da zato guda: batir ya tsufa har ba ya iya ɗaukar lodi mai nauyi, ko kan batir ya saki, ko kuwa inbatar ta yi wa firizar ƙanƙanta, tunda injin firiza yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi.

A nan ɓangaren zaɓen gwaji ya yi aikinsa. Johan de Kleer da Brian Williams, a aikin da suka yi a cibiyar bincike ta Xerox PARC suka wallafa a 1987, sun nuna cewa gwajin da ya fi dacewa shi ne wanda sakamakonsa zai fi raba waɗanda ake zargi, ko da wane ɓangare ya faɗa. Na yi amfani da sauƙaƙaƙƙen salon wannan tunani. Manhajar ta ce a auna bolt a wuri biyu daidai lokacin da firiza take tashi, a kan dalmar batirin kanta, da kuma a bakin inbata. Idan duka biyun sun faɗi tare, batir ne. Idan babu wanda ya faɗi amma inbata ta yanke, ita ce ta gaza. Idan na bakin inbata kaɗai ya faɗi, to wutar tana ɓacewa a hanya.

A kan dalma mita ta nuna 12.0, a bakin inbata kuwa 10.6. Da aka kwance kan batirin, sai ga farin gari mai sirkin kore ya cinye ƙarƙashin ƙarfen, notin kuma yana juyawa da yatsa. Lissafin ya yi daidai da abin da aka gani, domin idan wutar da ake ja lokacin tashin injin ta kai amfiya 70, turjiyar da ba ta wuce om 0.02 ba (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta take gamuwa da ita a hanya) ta isa ta cinye bolt 1.4. An wanke, an goge, an ɗaure, matsalar ta tafi. Kafin a kira dattijon, an riga an ba mai shagon shawarar sayen sabon batir, wanda shi ne abu mafi tsada a duk haɗin. Wannan ya sa na ƙara wa manhajar doka: ba za ta sa batir a saman jerin ba muddin akwai gwaji mai sauƙi da ba a yi ba wanda zai iya wanke shi.

27 ga Disamba, 2024

Jerin zargi ya ƙaru, manhajar ta fara nauyi. Ba abin mamaki ba ne. Abubuwa 20 suna ba da rukunoni 1,048,576 da za a iya haɗawa, abubuwa 30 kuwa sun haura biliyan ɗaya. Fitar da sakamako daga irin ƙa'idoji masu sauƙi da Prolog ya ginu a kansu abu ne mai sauri, amma Bart Selman da Hector Levesque a 1990, da Thomas Eiter da Georg Gottlob a 1995, sun tabbatar da cewa neman musabbabi a kan waɗannan ƙa'idojin yana cikin ajin matsalolin da har yanzu ba a san hanyar warware su cikin sauri ba idan sun yi girma. Na mayar da ɓangaren neman bayani zuwa clingo, wata manhajar laluben amsoshi ta Jami'ar Potsdam ta Jamus, wadda aka gina a kan ma'anar ƙa'idojin manɗiƙi da Michael Gelfond da Vladimir Lifschitz suka gabatar a 1988, na bar wa Prolog hira da mai gyara. A girman da muke aiki, nauyin ya kau.

9 ga Janairu, 2025

Hazo ya yi ƙarfi, kuma ya kawo matsalar da ta taɓa ginshiƙin tsarin. Tun farko an tsara manhajar ta riƙa fitar da bayani mafi ƙanƙanta kawai, wato rukunin zaton da idan aka cire masa ko da guda ba zai ƙara bayyana alamomin ba. Wannan ɗabi'a ce tsohuwa a fagen. James Reggia da abokan aikinsa sun gina tsarinsu na gano cututtuka a shekarun 1980 a kan fifita mafi ƙarancin musabbabai da za su rufe dukkan alamomi. Hikimar a fili take: idan ba a yi haka ba, kowane bayani na gaskiya zai zo da ɗaruruwan 'yan rakiya da aka cusa musu zaton da ba a buƙata.

A wani gida, wuta tana ɗaukewa kafin tsakar dare, kwantirola kuma tana nuna amfiya kaɗan da tsakar rana. Ƙura ita kaɗai ta isa ta bayyana duka biyun, kuma ta dace da abin da aka sani, cewa ƙura tana rage amfiyar fanel sosai alhali bolt ɗinsa ba ya raguwa da yawa. Manhajar ta ce ƙura, ta jefar da rukunin “ƙura da tsufan batir” saboda ya fi girma. An wanke fanel, amfiya ta dawo, batir yana kai wa bolt 14.4 tun kafin azahar, amma wutar dare ba ta ƙaru da wani abin kirki ba. Batir mai saurin cika da saurin ƙarewa alamar ya rasa yawancin ƙarfinsa ne. Ashe matsalolin biyu ne.

Manhajar ta gano na biyun da aka ba ta sababbin alamomi, amma ba wannan ne abin lura ba. Abin lura shi ne matsalolin biyu ba haɗuwar tsautsayi suka yi ba, ɗaya ce ta haifi ɗaya. Batir mai ruwa da ya daɗe ba ya cika, gishirin sulfet yana taurara a jikin farantansa har caji ya kasa narkar da shi. Judea Pearl ya bayyana a 1988 yadda tabbatar musabbabi ɗaya yake rage zargin da ake yi wa ɗayan, kuma hakan daidai ne idan babu dangantaka tsakaninsu. Tsarin da David Poole ya gabatar a 1993, wanda ya haɗa hasashen musabbabi da lissafin yiwuwa, shi ma yana ɗaukar kowane zato a matsayin mai zaman kansa, duk wata dangantaka kuwa sai an rubuta ta a cikin ƙa'idoji. To a nan ƙurar da ta daɗe tana ƙara wa batir zargi ne, ba ta wanke shi. Na ƙara ƙa'idar da ta ce daɗewar ƙarancin caji tana lalata batir, na kuma ƙara tambaya ga mai gida a kan rabon da a wanke fanel.

Na kuma daina jefar da manyan rukunoni. Yanzu kowane zato yana da farashi, kamar yadda Jerry Hobbs da Mark Stickel da abokan aikinsu na SRI International suka yi a 1993 wajen fassara ma'anar zance, kuma ana jera bayanai daga mai araha zuwa mai tsada. Ban sa lambobin yiwuwa ba, domin ba mu da rijistar gyare-gyare da za a ciro su daga ciki, kuma lambar da aka ƙago ta fi rashin lamba haɗari. Matakai uku dattijon ya ba ni: abin da yake gani kullum, da na jefi-jefi, da wanda sai an daɗe.

24 ga Janairu, 2025

Wannan karon manhajar ta ba da amsa guda ɗaya tak, cike da daidaito da ƙa'idojinta, kuma amsar ba gaskiya ba ce. Caji ba ya isa a wani gida, fanel a wanke yake, fis lafiya, wayoyi an auna su, batir sabo ne. Da aka kore waɗannan, kwantirola ce kaɗai ta rage a jerin, sai aka ɗora mata laifin. Dattijon bai gamsu ba, ya tura yaronsa rufi bayan azahar. Yaron ya leƙo ya ce: “Oga, inuwar tanki ce.” An ɗaga sabon tankin ruwa a yammacin fanel ɗin, kuma da rana ta karkata inuwarsa tana rufe gefe ɗaya. Ƙwayoyin fanel a jere aka haɗa su, saboda haka inuwar da ta rufe kaɗan daga cikinsu tana rage abin da dukkan layin zai bayar, fiye da girman wurin da ta rufe. Duk awon da aka yi a baya da safe aka yi shi. Babu inuwa a jerin zargi, manhajar kuwa ba ta iya zargin abin da ba a rubuta mata ba.

Tarihin ilimin taurari yana da wannan darasi da fuskokinsa biyu. Da aka ga duniyar Yuranus tana kauce wa hanyar da lissafi ya tsara mata, Urbain Le Verrier na Faransa ya yi zaton akwai wata duniyar da ba a gani ba tana janta, ya lissafa inda take, kuma a ranar 23 ga Satumba, 1846, Johann Galle ya hango Neftun a Berlin kusa da wurin da aka nuna. A 1859 Le Verrier ya sake bin hanyar a kan wani ɗan kaucewa a kewayen duniyar Makyuri, ya yi zaton wata duniya kusa da rana, wadda aka raɗa wa suna Bulkan. An yi shekaru ana nemanta, babu ita. Sai a 1915 Albert Einstein ya bayyana kaucewar da sabuwar fahimtarsa ta ƙarfin jan nauyi. Idan aka faɗe shi da harshen wannan aiki, Le Verrier ya sa “ɓoyayyiyar duniya” a jerin zargi, ya sa dokar Newton a cikin ƙa'idojin da ba a taɓawa, alhali a karo na biyu gyaran a ƙa'idar yake. Tunanin nasa iri ɗaya ne a duka biyun. Abin da ya bambanta nasara da ɓata shi ne ko gaskiyar tana cikin abubuwan da aka yarda a zarga.

Ƙara inuwa a jerin abu ne na minti ɗaya, kuma an yi. Tambayar ita ce yadda manhajar za ta gane cewa jerinta ya gaza. Raymond Reiter ya gabatar da wata hanyar gano lalacewa a 1987 wadda ba ta buƙatar sanin yadda abu yake lalacewa. Ana rubuta yadda kowane ɓangare yake aiki idan lafiya yake, sai a nemo rukunonin ɓangarorin da ba zai yiwu dukkansu su kasance lafiya ba bisa abin da aka auna. Hanyar ba ta faɗin me ya faru, amma tana nuna wurin. Na aro daga gare ta abu biyu. Kowane ɓangare yanzu yana da zaton “matsalar da ba a sani ba” mai tsada sosai, wanda ba ya fitowa sai an kore sauran. Sannan duk bayanin da ya tsira saboda an kore abokansa kawai, ba tare da wani awo da ya nuna shi kai tsaye ba, ana yi masa alama a kuma nemi gwajin tabbatarwa. A wannan gida, gwajin shi ne auna amfiyar fanel kafin ta shiga kwantirola, a lokuta daban-daban na yini.

7 ga Fabrairu, 2025

Wani abokin aiki ya tambaya me ya sa ba za a miƙa alamomin ga ɗaya daga cikin manyan manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira ba, a huta da rubuta ƙa'idoji. Na gwada da matsalar tankin. Ta ambaci inuwa a cikin doguwar amsarta, abin da tawa manhajar ta kasa, amma a cikin amsar ta kuma kawo ƙura bayan an gaya mata an wanke fanel. A ganina kowacce tana da abin da ɗayar ta rasa. Waccan tana da yalwar zato ba tare da tabbacin kiyaye sharaɗi ba, wannan tana kiyaye sharaɗi a cikin ƙuntataccen jeri. Shawarar da na yanke ita ce a yi amfani da waccan wajen neman sababbin abubuwan zargi a lokacin rubuta ƙa'idoji, dattijon ya tace su, amma a wurin gyara ba za ta yi magana ba.

Tsarin da nake koyi da shi ya fi kama da na Adam, na'urar binciken kimiyya da Ross King da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya, wadda aka ba da rahotonta a 2009. Tana yin hasashe a kan aikin wasu ƙwayoyin halittar yis, ta tsara gwajin da zai tabbatar ko ya rushe hasashen, ta gudanar da shi, sannan ta koma kan hasashen da sakamakon a hannu. Bambancin kawai shi ne a nan mai gyara ne yake riƙe da mita.

21 ga Fabrairu, 2025

Matsayin aiki a yau: ƙa'idojin fanel, da kwantirola, da batir mai ruwa, da wayoyi sun kammala, ana kuma amfani da su. Na inbata ba su wuce na waje ba, wato yankewa saboda ƙarancin bolt, da nauyin lodi, da zafi. Batirin litiyam bai shiga ba tukuna, domin yana da na'urar kariya a cikinsa da take yanke wuta da kanta, kuma bolt ɗinsa ba ya sauka a hankali kamar na mai ruwa, don haka yawancin ƙa'idojinmu na awo ba za su hau kansa ba.

Babban giɓin da ya rage shi ne lokaci. Matsalar hazo ta watanni ce, ta tanki kuwa ta sa'o'in yini ce, manhajar kuma har yanzu tana kallon alamomi kamar duk a lokaci ɗaya aka gan su. Na fara karanta tsarin lissafin aukuwa da Kowalski da Marek Sergot suka gabatar a 1986, wanda yake bayyana yadda wani abu da ya faru yake fara wani hali ko ya kawo ƙarshensa, da yadda Eshghi ya haɗa shi da hasashen musabbabi a 1988. Idan ya dace, abin da za a riƙa zato zai zama aukuwa mai lokaci, kamar a ce an ɗaga wani abu kusa da fanel tsakanin watan da wuta take isa da watan da ta daina isa. Kafin nan, an sauya takardar da yaran dattijon suke cikewa a wurin aiki: kowane awo yanzu yana da gurbin sa'ar da aka yi shi, akwai kuma tambaya ga mai gida a kan abin da aka gina, ko aka saya, ko aka sauya a gidan kafin matsalar ta fara. Gwaji na gaba zai kasance a kan gidajen da ke da batir biyu a haɗe, inda ɗaya yake iya jan ɗan'uwansa ƙasa, kuma ƙa'idojin wannan haɗi su ne aikin mako mai zuwa.